Ayarin Babura Daga Shrewsbury Zuwa Cosford

Daga cikin al'amuran ƙasar Ingila waɗanda baƙo ba ya saurin gaskatawa sai ya bincika da kansa, akwai wannan: ƙasar da tun shekarar 1948 ta ɗauke wa jama'arta nauyin kuɗin asibiti, ta mai da magani haƙƙin kowa, mawadaci da matalauci, ita ce kuma ta bar jiragen nan masu saukar ungulu, waɗanda ke kai likita bakin hanya inda mutum ke kwance rai a hannun Allah, suna dogara ga sadakar mutane. Baitulmalin gwamnati ba ya biyan kuɗin tashinsu na yau da kullum. Abin da ke ɗaga su sama shi ne fam ɗaya da tsohuwa ta jefa a gwangwani, da wasiyyar wanda ya rasu ya bar musu wani kaso na dukiyarsa, da ribar shagunan tsofaffin kaya, da kuma taruka irin wanda Allah ya nufe ni da halarta a ƙarshen watan Afrilu a lardin Shropshire, inda wata ƙungiyar mahaya babura ta kafa sansani tun daga yammacin Juma'a har zuwa Lahadi domin tara gudummawa.

Sababin zuwana kuwa ɗan wana ne, wanda ya daɗe yana aikin jinya a wani asibiti a Birmingham, kuma tun yana yaro ba shi da abin so kamar babur. Ya ce mini, "Baffa, ka ga masallatanmu na nan, ka ga kasuwanninmu, amma ba ka ga mutanen ƙasar a inda suke sakin jiki ba. Ka biyo ni wannan makon, in Allah ya yarda ba za ka yi da-na-sani ba." Shi ya riga ni tafiya a kan babur ɗinsa da tanti da barguna, ni kuwa bayan an sauko daga Juma'a na nufi tashar New Street na shiga jirgin ƙasa.

Tafiyar ba ta fi ta sa'a guda ba. Daga Birmingham zuwa Wolverhampton babu abin da ido ke gani sai rufin masana'antu da tsofaffin magudanan ruwa da aka haƙa don jigilar gawayi da ƙarfe, ƙasar maƙera ke nan tun kaka da kakanni, kuma a cikinta aka ƙera baburan BSA da Norton, waɗanda a zamaninsu babu nahiyar da ba su shiga ba. Da aka wuce Wolverhampton sai ƙasa ta buɗe, gonaki suka bayyana, waɗansu kore shar, waɗansu rawaya saboda furen wani tsiro da suke matsar mai daga ƙwayarsa, ga tumaki da 'ya'yansu sababbin haihuwa. Jirgin ya ratsa ta Cosford, na hango manyan rumfunan jiragen sama na sojan ƙasar, sa'an nan Telford, garin da aka raɗa wa sunan Thomas Telford, mashahurin maginin hanyoyi da gadoji, sa'an nan dutsen Wrekin ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili ta hannun hagu. Shrewsbury kuwa tsohon gari ne wanda kogin Severn, mafi tsawon kogunan Birtaniya, ya kusa kewaye shi gaba ɗaya, yana da ganuwar sarauta ta jan dutse daf da tasha, da gidaje masu baƙin katako da farin bango, da gadoji biyu da ake kira ɗaya ta Ingila ɗaya ta Wales, domin iyakar Wales ba ta da nisa daga nan.

Sansanin yana cikin makiyayar wani manomi, 'yan mil kaɗan daga gari. A bakin ƙofa aka karɓi kuɗin shiga, aka ɗaura mini wani ƙyalle a wuyan hannu alamar na biya, aka kuma gaya mini cewa da zarar an fitar da kuɗin hayar bayan gida da na janareta, saura duk na jirgin nan mai saukar ungulu ne. Tantuna sun cika rabin filin, babura kuma an jera su a ɗaya rabin, kowanne an sa masa ɗan falankin katako ko murfin gwangwani a ƙarƙashin jigonsa don kada ya nutse cikin danshin ƙasa ya faɗi. Akwai Triumph, akwai Honda da BMW da Harley-Davidson, akwai kuma tsofaffin BSA waɗanda masu su ke goge su da tsumma sau da yawa a yini. Mahayan kuwa galibinsu ba samari ba ne. Dattawa ne masu furfura, waɗansu gemu har ƙirji, sanye da baƙaƙen rigunan fata da aka manne wa tambarin ƙungiya a baya, jikin da yawa daga cikinsu da zane-zane irin na al'adarsu. Amma da aka zauna aka gaisa sai ga wannan mai gyaran famfo ne, wancan malamin makaranta ne da ya yi ritaya, wancan direban babbar mota, waccan kuma ungozoma ce wadda ta zo a kan nata babur. Da na tambayi inda zan yi salla, manomin da kansa ya kai ni wani ɗakin ajiyar ciyawa mai tsabta, wani dattijo ya kawo mini shimfiɗar tantinsa, ɗana ya daidaita mini alƙibla wajen kudu maso gabas. Magariba a wannan lokaci na shekara ba ta yi sai bayan ƙarfe takwas, kuma da rana ta faɗi sai wani sanyi ya sauko wanda ke ratsa bargo biyu.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ana shan barasa a wurin, ana kaɗe-kaɗe har tsakar dare, kuma yawancin naman da ake gasawa ba namu ba ne. Ni dai shayi da burodi da ƙwai da soyayyen dankali suka riƙe ni. Sai dai na lura da wata doka da ba wanda ya keta: duk wanda ya kai kofi baki ya gama hawa babur a wannan rana, ko da zuwa bakin ƙofa ne.

Safiyar Asabar aka keɓe ta don karatu, kuma a nan na fara fahimtar dalilin da ya ƙulla zumunci tsakanin waɗannan mutane da wannan jirgi. A Birtaniya babura ba su wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na zirga-zirgar da ake yi a kan tituna ba, alhali kuwa mahayansu su ne kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda ke rasa rayukansu a haɗarin hanya, abin da ke haura mutum 300 a yawancin shekaru. Kuma da yawa daga munanan haɗurran a kan hanyoyin karkara suke faruwa, masu lanƙwasa da shingen itatuwa, nesa da manyan asibitoci, inda motar ɗaukar marasa lafiya za ta daɗe kafin ta iso. Mahayi ya san cewa ba shi da garkuwa sai rigarsa da hular kwanonsa, ya kuma san cewa idan ƙaddara ta afka masa, mai yiwuwa farkon wanda zai tsaya a kansa abokin tafiyarsa ne. Saboda haka aka ƙirƙiro wani darasi na kyauta mai suna Biker Down, wanda ma'aikatan kashe gobara na lardin Kent suka fara, daga baya ya yaɗu a ƙasar, kuma irinsa aka koyar a sansanin a wannan safiya.

Mai koyarwar ta sa wani ƙato ya kwanta a kan ciyawa da hularsa, ta tara mu kewaye da shi. Ta ce abu na farko ba majinyacin ba ne, hanyar ce: a tsayar da motoci, a kashe injin babur, kada mai ceto ya zama na biyu da za a ceta. Sa'an nan a buga 999, a faɗi wurin daidai. Game da hula kuwa, ta ce muddin mutum yana numfashi yana magana, a bar masa ita, a riƙe kansa kada ya motsa. Amma idan numfashi ya tsaya, ko amai ya toshe masa maƙogwaro, to cire ta ya zama wajibi, kuma aikin mutum biyu ne. Ta durƙusa ta kwance maɗaurin da ke ƙarƙashin haɓa, ta zura hannu ɗaya ta tallabi ƙeyarsa, ɗaya hannun ta kama muƙamuƙinsa, ta ce wa na biyun, wanda ke durƙushe ta wajen kai, ya buɗa gefen hular da yatsunsa, ya ɗan karkata ta baya har ta tsallake hanci, sa'an nan ya janye ta sannu a hankali, ita kuma tana matsar da hannunta sama tana karɓar nauyin kan, domin kada wuya ya gusa ko da faɗin yatsa. Aka yi ta maimaitawa, bibbiyu bibbiyu, har ni ma aka ba ni na gwada tare da ɗana, na ji yadda kan mutum yake da nauyi idan mai shi ya sake shi. Na dubi fuskokin waɗannan dattawa da suka kwana suna raha, na ga babu mai ko murmushi, domin kusan kowannensu ya taɓa tsayawa a kan wani nasa a bakin titi.

Ita kanta hular tana da tarihi a ƙasar. A shekarar 1935 T. E. Lawrence, Baturen nan da ya yi suna a yaƙin ƙasar Larabawa, ya faɗi da babur ɗinsa a lardin Dorset, kansa ya bugu, ya rasu bayan kwana shida. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, masanin tiyatar ƙwaƙwalwa, abin ya tsaya masa a rai, ya duƙufa binciken raunin kai a tsakanin sojoji masu kai saƙo a kan babur, har rundunar soja ta wajabta musu hula a lokacin yaƙin duniya na biyu. Amma sai a 1973 doka ta wajabta ta a kan kowa. Mu dai mun yi imani ajali ba ya gaba ba ya baya, amma malamanmu ba su taɓa karantar da mu cewa tawakkali yana soke riƙon sababi ba, kuma kiyaye rai yana cikin manyan maƙasudan shari'a.

Da la'asar na sami zama da ma'ajin ƙungiyar, wata dattijuwa wadda ta yi shekaru tana aikin lissafi kafin ta huta, tana zaune a cikin ƙaramin tanti da littafinta da akwatin ƙarfe. Ita ta warware mini yadda lamarin yake. Lardin Cornwall ne ya fara samun irin wannan jirgi a 1987, Landan ta biyo baya a 1989, sa'an nan a 1991 aka kafa na wannan yanki, wanda yanzu ake kira Midlands Air Ambulance. Yana da jirage uku a tashoshi uku, ɗaya a Cosford, ɗaya a Strensham a lardin Worcestershire, ɗaya a Tatenhill a lardin Staffordshire, suna kula da larduna shida, har da Birmingham da kewayenta. Ta ce a ƙididdigar masu jirgin ta wancan lokaci, tashi ɗaya yana cin kimanin fam 2,500, ko majinyacin attajiri ne ko almajiri, ɗan ƙasa ne ko baƙo, kuma ba a taɓa aika wa kowa takardar biya. Ta nuna mini wata takarda da mai ba da gudummawa ke sa wa hannu idan yana biyan haraji, wadda ke ba ƙungiyar agaji damar karɓo kwabo 25 daga hukumar haraji a kan kowane fam ɗaya. Ta kuma ce kowace ƙungiyar agaji mai rajista tilas ne ta miƙa lissafinta na shekara ga hukumar da ke sa musu ido, kuma duk mai so yana iya buɗe intanet ya ga abin da ya shigo da abin da ya fita. Su ma a nan ba a ƙirga kuɗi sai da shaidu biyu, kowa ya sa hannu. Wannan tsari na amana da hisabi shi ne, a ganina, ginshiƙin abin duka, domin mutum ba ya gajiya da bayarwa matuƙar yana ganin inda abinsa ya tafi.

Na tambaye ta, "Shin ba ku ganin wannan nauyi na hukuma ne?" Ta ce ra'ayi ya rabu, ko a cikin ƙungiyarsu. Waɗansu na cewa gara a bar shi a hannun jama'a, domin abin da gwamnati ta ba da a bana tana iya ragewa baɗi, alhali jirgin da mutane suka saya da guminsu ba wanda ya isa ya ƙwace musu; waɗansu kuma na cewa abin kunya ne ƙasa mai wannan arziki ta bar ceton rai ga bokitin bara. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga na biyun, ko da yake na ga ƙarfin hujjar na farkon da idona. A Sikotlan gwamnati ce ke ɗaukar nauyin jiragen hukumar motocin asibiti, sama kuma ba ta faɗo ba. Kyawun halin talakawa ba ya sauke wa shugabanni abin da ke wuyansu. Amma tun da gurbin yana nan a buɗe, abin ya zama irin wanda malaman fiƙihu ke kira farillar kifaya, wadda idan waɗansu suka tsaya da ita sun ɗauke wa saura, idan kowa ya yi biris kowa ya yi laifi. Kuma a wannan yanki, masu rigar fatan nan suna cikin waɗanda suka tsaya.

Bayan isha'i aka taru a babban tanti. An sayar da tikitin sa'a, wanda na ƙaurace masa saboda siffar caca da ke cikinsa, na zuba abin da ya sawwaƙa a bokiti kai tsaye, ba kuma wanda ya ga baƙina. Sa'an nan aka yi gwanjo: tsohuwar hula, da safar hannu, da kek ɗin da matar manomi ta gasa, wanda aka saya da ninkin ba ninkin kuɗinsa, mai sayen ya mayar aka sake sayarwa. Ana cikin haka shugaban ƙungiyar ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya, wani mutum mai matsakaicin shekaru ya taso yana dogara sanda, riƙe da wata hula da ta tsage daga goshi zuwa kunne. Bai iya jawabi ba, muryarsa tana rawa. Ya ce wata mota ce ta fito masa daga mahaɗa a kan hanyar ƙauye, shi bai tuna kome ba, matarsa ce ta ba shi labarin cewa jirgin ya sauka a gonar da ke gefe, likita ya yi aiki a kansa a nan kan kwalta kafin a ɗauke shi. Ya ce 'yarsa ta yi aure bara, shi ya riƙe hannunta ya kai ta. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya kifa hular ya miƙa wa na kusa da shi, ta yi ta zagayawa daga hannu zuwa hannu, kafin ta dawo ta cika da takardun kuɗi. Daga nan aka karanta sunayen 'yan ƙungiyar da suka riga mu gidan gaskiya, aka yi shiru na minti ɗaya.

Ranar Lahadi ita ce ranar babban ayari, wanda ba na wannan ƙungiya kaɗai ba ne. Sunansa Bike4Life, masu jirgin ne da kansu ke shirya shi kowace shekara, ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mahaya daga ko'ina suna zuwa su yi rajista su biya. Tun da hantsi muka naɗe tantuna, ɗana ya ba ni riga mai kauri da hula, ya ɗaure mini maɗaurinta da hannunsa, ya ce, "Baffa, ka riƙe ni da kyau, in na karkata ka karkata tare da ni, kada ka sauke ƙafa sai na ce." Muka yi bisimilla muka nufi Meole Brace, wani babban filin ajiye motoci a kudancin Shrewsbury, inda muka tarar da babura sun haura 3,000, an jera su layi layi, masu tsara tafiya sanye da riguna masu ƙyalli suna nuna wa kowa wurinsa. A gaban ayarin akan sa sanannun mahaya, kuma Carl Fogarty, wanda sau huɗu yana zama zakaran duniya a tseren manyan babura, yana cikin waɗanda suka sha jagorantarsa. Da aka ba da izini aka ta da injuna gaba ɗaya, sai na ji rurin a cikin ƙirjina kafin kunnena.

Nisan hanyar mil 23 ne, ta kan titin A5 zuwa babban titin M54, 'yan sanda suna tsare mahaɗu har ayarin ya wuce. Ba tsere ake yi ba. Tafiya ce a natse, bibbiyu, ba mai wuce wani, ba mai wasa da salansa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne gadojin da ke ƙetare titin, domin babu wadda muka bi ta ƙarƙashinta face cike take da mutane, tsofaffi a kan kujerun da suka ɗauko daga gida, yara a wuyan iyayensu, suna ɗaga hannu, mahaya suna amsawa da ƙaho. Da muka hau wata 'yar tudu na waiga, na ga fitilu a jere har iyakar ganina, kamar ayarin fatake na da wanda goshinsa ya sauka zango alhali ƙarshensa bai bar gari ba. Muka wuce gindin dutsen Wrekin, muka ratsa Telford, iska mai sanyi tana shiga ta wuyan rigata, har muka sauka daga babban titi muka shiga Cosford.

A can an kafa rumfunan masu sayar da kayan babur da na abinci, ga gidan tarihin jiragen yaƙi a buɗe, amma ni babu inda na nufa sai wurin jirgin. Ja ne, kuma bai kai girman da nake zato ba. Cikinsa ƙunci gare shi ƙwarai: gadon majinyaci guda ɗaya mai zamewa, kujerun ma'aikata, na'urar da ke nuna bugun zuciya, na'urar da ke yi wa mutum numfashi, da jakunkunan da aka shirya kowane abu a aljihunsa domin hannu ya same shi ko ido bai duba ba. Wani ma'aikacin agajin gaggawa da ke tsaye a wurin ya yi mana bayani da haƙuri. Ya ce mutane suna zaton fa'idar jirgin ita ce gaggauta kai majinyaci asibiti, alhali babbar fa'idarsa ita ce gaggauta kai asibiti wurin majinyaci: likita da ƙwararren ma'aikaci suna iya sa wa mutum maganin barci a bakin hanya, su zura masa bututun numfashi, su huda ƙirji su saki iskar da ta danne huhu, su tsayar da zubar jini, abubuwan da a da sai an isa asibiti ake yi, kuma da yawa ba sa isa. Ya ce duk kiran 999 yana shiga ɗakin da ake rarraba motocin asibiti, a can kuma akwai mai sauraro na musamman da ke tsamo kiran da ya fi muni ya tura musu. Tun 2012 aka tsara cewa mai mummunan rauni a tsallake ƙaramin asibitin da ke kusa a kai shi babbar cibiyar da ke da likitocin ƙwaƙwalwa da na ƙashi da na jijiya a shirye dare da rana, kamar asibitin Queen Elizabeth na Birmingham ko na Stoke, kuma a nan ne fiffike ke nuna amfaninsa. Ya ƙara da cewa ba mahaya babur kaɗai suke ɗauka ba: akwai manomin da injin gona ya kama, da wanda doki ya kayar, da magini da ya faɗo daga bene, da wanda zuciyarsa ta tsaya yana tsakiyar cin abinci.

Bai gama rufe baki ba sai na'urar da ke kafaɗarsa ta yi magana. Ya ce mana mu gafarce shi, masu tsaro suka matsar da jama'a baya, matuƙi ya shiga, farfela ta fara juyawa a hankali sa'an nan ta ɓace wa ido, ciyawa ta kwanta, jirgin ya ɗaga ya karkata hanci ya nufi yamma. Dubban mutanen da ke filin suka tsaya cik suna bin sa da kallo, waɗansu suka tafa, ungozomar nan ta sansaninmu kuwa na ga ta share ido. Ba wanda ya san ko wane ne ke kwance a can, ko mene ne addininsa ko launinsa. Na yi masa addu'ar samun sauƙi, na kuma roƙa wa waɗanda suka tafi gare shi sauka lafiya.

Da yamma ɗana ya kai ni tashar Cosford, wadda ke daf da filin, na koma Birmingham a jirgin ƙasa. Bayan 'yan makonni ya aiko mini da hoton rasiɗin da masu jirgin suka ba ƙungiyarsu, wanda ma'ajin ta rarraba wa kowane ɗan ƙungiya don ya gani da idonsa.

Kirana ga 'yan'uwanmu mazauna Birmingham da Wolverhampton da Stoke da sauran garuruwan wannan yanki, ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa, shi ne su sani cewa wannan jan jirgi nasu ne kamar yadda yake na kowa, kuma ranar da ɗayanmu ko ɗansa zai buƙace shi ba za a tambaye shi ko ya taɓa bayarwa ba. Masallatanmu da ƙungiyoyinmu na can suna tara kuɗi don ayyukan alheri iri-iri; ya kamata a sa wannan a cikin lissafi, ko da sau ɗaya ne a shekara, a kai da sunan jama'a, a karɓo rasiɗi. Wanda kuma yake hawa babur a cikinku, ya nemi darasin nan na ceton mahayi a ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa da shi, kyauta ake yin sa, kuma 'yan sa'o'i kaɗan yake ɗauka.